Hannuwan da Suka Ɗaga Surame

Maginin ganuwa abokan gaba biyu gare shi. Na farko kowa ya san shi: rundunar da za ta taso da dawaki da 'yan baka ta yi wa gari zobe. Wannan jefi-jefi yake zuwa, wani lokaci a haifi mutum har ya yi furfura bai gan shi ba. Na biyun kuwa ba ya saɓa alkawari. Kowace shekara, da bazara ta kai ƙarshe hadari ya haɗo daga gabas, sai ga shi da iska da tsawa, ya yi wata huɗu yana dukan bango ta sama yana cin sa ta ƙasa. Ganuwar da ruwan sama ya kayar ta fi wadda mayaƙa suka kayar yawa, nesa ba kusa ba. Don haka mai son ya gane gwanintar mutanen da suka kewaye biranenmu da katanga, ya dubi yadda suka yi da ruwa: yadda suka nemo shi don kwaɓi, yadda suka tsare shi a rami ya zame musu makami, da yadda suka hana shi rushe abin da da shi aka gina.

A wannan fage mutanen kwarin Rima suna da abin nunawa wanda ba kowa ke da irinsa ba. Kano da Katsina da Zariya sun yi ganuwar ƙasa, sun kuma yi ta da kyau. Kabi ta haɗa da dutse. A farkon ƙarni na 16, Muhammadu Kanta, wanda ya bi Askiya Muhammadu na Songai yaƙi har Agadas, ya ɓata da Askiya a kan rabon ganima, ya ɓalle wajen 1516 ya kafa daularsa ta Kabi. Wanda ya juya wa daula irin Songai baya ya san za a biyo sawunsa. Ga Barno a gabas, ga Azbinawa a arewa, ƙasar da ya tsaya a kanta kuma ba ta da manyan tsaunukan da za a fake a bayansu, sai tudu da fadama. Abin da Allah bai ajiye masa a wurin ba, sai ya sa aka gina. Ya ƙarfafa Leka, ya gina Gungu, ya gina Surame ta zama babban birninsa. Kangon Surame yana nan har yau a yankin Binji, cikin Jihar Sakkwato, bangayen dutse suna ratsa daji tafiya mai nisa.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda shi kansa ya yaƙi Kabawa, ya ambaci waɗannan birane a littafinsa Infaƙul Maisuri. Ya nuna cewa ko bayan kimanin shekara ɗari da watsewarsu, kangayensu sun gagari duk abin da aka sani a wannan ƙasa. Yabon da ya fito daga bakin abokin hamayya ba a yi masa ragi.

Da ido ake fara aikin, tun ba a sari ƙasa ba. Manya su taka wurin, su dubi inda ruwa ke bi idan an yi mamako. A kwarin Rima wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin gulbi yakan cika ya malale fadama mai faɗin gaske. Wanda ya kafa gari cikin fadama ya ba ambaliya kyauta. Wanda ya yi nisa da ita ya rasa ruwan sha da kiwo da kifi da shinkafa. Dabarar ita ce a hau gaɓar tudu, a bar fadama a gefe ta zama garkuwa, tunda doki mai ɗauke da lifidi ba ya sukuwa cikin taɓo. Dubi inda Birnin Kebbi take zaune, a bisa tudu tana leƙen fadama ta wajen Dukku. Dubi Argungu a bakin gulbi. Ba dace ne ya ajiye su a nan ba.

Sai kuma shata layin bangon. Ba a matse shi a jikin gidaje. Ana barin gonaki da rijiyoyi da makiyaya a ciki, da filin da mutanen ƙauyuka za su sauka da iyalinsu da dabbobinsu ranar da aka buga kuge. Garin da aka yi wa zobe yunwa da ƙishirwa ke buɗe ƙofarsa kafin mashi. Shi ya sa ganuwar Kano, wadda aka fara zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12 aka kuma faɗaɗa zamanin Muhammadu Rumfa, ta haɗiye Dala da Goron Dutse da gonaki masu yawa. Amma kowane taku da aka ƙara wa bango, an ƙara wurin da sai an sa masa mai tsaro, sai an kuma yi masa yaɓe kowace shekara. Sanin inda za a tsaya tsakanin wadata da wuce gona da iri, wannan shi ne ilimin farko, kuma ba a rubuce yake ko'ina ba.

Daga nan sai ƙasa. Ga wanda bai sani ba, ƙasa ƙasa ce. Magini kuwa yakan durƙusa ya ɗebi ɗan kaɗan, ya ɗiga mata ruwa, ya dunƙule ta a tafin hannu, ya murza tsakanin babban yatsa da manuni. In ta wargaje, yashi ya yi yawa. In ta yi santsi tana manne wa yatsa, laka ce irin ta fadama, wadda za ta ruɗe ka da danƙo tana ɗanya, rana ta buge ta ta tsattsage. Abin da yake nema jar ƙasa ce mai burji, wadda ke da danƙon da zai riƙe da kuma tsakuwar da za ta hana ta tsukewa. In wurin bai ba da irinta ba, sai ya haɗa biyu, kwando kaza na wannan da kwando kaza na waccan, hannunsa ne ma'auni.

Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne babu aikin da ke tafiya a banza. Daga wajen layin bangon ake haƙar ƙasar, saboda haka yayin da bango ke tashi, rami yana zurfi a gabansa. Sara ɗaya, riba biyu. Maharin da ya iso sai ya gangara cikin gwalalo tukuna, kuma daga can ƙasa bangon ya ƙara masa tsawo. Ramukan da aka haƙa a cikin gari su ne kududdufai, su tara ruwan damina ya rage gudu, a sha da dabbobi, a kuma yi kwaɓin gyara da shi idan rani ya shigo.

Kwaɓi shi ne inda malalaci ke tona wa kansa asiri. A tara ƙasa, a buɗe tsakiyarta, a zuba ruwa a bar ta ta sha. Sannan samari su naɗe wando su shiga da ƙafa, suna tattakawa suna juyawa da fartanya, ana barbaɗa yankakkiyar ciyawa da kashin dawaki ko na jakuna. Ba a gini da ita ranar. Sai an bar ta ta kwana biyu ko fiye, kamar yadda ake barin ƙullun waina ya kwana ya tashi, a dawo a ƙara ruwa a sake tattakawa. Ciyawar takan fara ruɓewa ta saki wani yauƙi da ke ɗaure ƙasar, zarenta kuma ya riƙe ta kada ta tsage. Tsohon magini daga wari da yadda ƙafa ke fita daga cikin kwaɓi yake gane ya nuna.

To, nan ne wahalar take. Gini aikin rani ne, bayan an kai amfanin gona gida, lokacin da hannuwa suka samu sarari kuma rana za ta busar da abin da aka ɗora. Amma lokacin ne ruwa ya fi tsada. Bangon da zai kewaye birni yana shan ruwan da sai dai a yi ta jigila da tuluna a ka, da salka a bayan jakai, daga safe har yamma, wata da watanni. In ka riƙe wannan a zuciya, labaran da Kabawa suka gada game da ginin Surame sai su ƙara ma'ana. Ana cewa Kanta ya ɗora wa Azbinawa ɗauko ruwa a kan raƙuma tun daga ƙasarsu. Ana kuma cewa Nufawa sun makara wajen amsa kira, sai ya hukunta su da cewa nasu yankin da man kaɗanya za su kwaɓa shi, ba da ruwa ba. Labaran baka ne, kuma manufarsu nuna isar sarki. Amma dubi abin da suka zaɓa su nuna isar da shi. Ba su ce zinariya ba, ba su ce dawaki ba. Abin kwaɓi suka ce, domin waɗanda suka fara ba da labarin sun san abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya a bakin aikin.

Tubalin Hausa ba ya buƙatar akwatin bugu. Da hannu biyu ake cura shi, mai faɗi a gindi, mai tsini a ka, a jera a rana ya bushe. Wanda ya saba da bulo mai kusurwa huɗu zai ɗauka rashin kayan aiki ne ya kawo wannan siffa. Ba haka ba ne. Idan aka jera tubala a tsaye, gindi a ƙasa, tsakanin kawunansu akwai gurabe. Cikin waɗannan gurabe ake danna ɗanyar ƙasa, sahu na gaba kuma ya zauna a kai ya cije. Bangon sai ya zama dunƙule ɗaya, babu wani miƙaƙƙen layi da tsaga za ta bi ta ratsa shi.

Wanda ya taɓa tsayawa ya kalli magina a kan doguwar katanga ya san abin kallo ne. Babu tsani, babu katakon tsayawa. Maigidan aikin yana zaune bisa bangon ya raba ƙafafu, yana ja da baya kaɗan-kaɗan yayin da yake gini a gabansa. Yaro yana ƙasa, ya ɗauki tubali da hannu biyu, ya ɗan rusuna, ya wurga shi sama ba tare da ya juya ba. Tubalin ya kai daidai ƙirjin maigida a lokacin da ƙarfinsa ya ƙare, shi kuwa ya tare shi a sauƙaƙe ya dasa. Sai curin ɗanyar ƙasa ya biyo baya, ya maka shi a gurbi, ya bi da gefen hannu ya shafe.

"Jefo, yaro."

"Ga shi, Baba."

"Wannan kwaɓin ya yi ruwa. Ka ce su ƙara ƙasa."

Ko kallon ƙasa bai yi ba. Nauyin curin a hannunsa ne ya gaya masa.

Ba a ɗora bango a rana ɗaya. A yi 'yan sahu a bar su su sha rana, a matsa gaba, a zagayo. Wanda ya yi gaggawa ya ɗora nauyi a kan ɗanyen gini, cikin bangon zai kumbura ya buɗe. Kuma tun daga harsashi ake sanin tsawon da za a kai, domin ganuwa da faɗi take tsayuwa. Gindinta kan yi kaurin da ya kusa tsawonta, tana tashi tana tsukewa, fuskarta ta waje ta ɗan kwanta baya. Wannan kwanciya ita ke sa nauyi ya zauna a tsakiya, ruwa kuma ya sulale maimakon ya tsaya. Ba su da ma'aunin ruwa irin na yau. Igiya ce da taku da kamu, sai idon da ya shekara talatin yana duban bango.

Duk da haka bangon ƙasa yana da lagonsa, kuma a gindi yake. Ruwan da ya zubo yakan fantsamo ya riƙa ƙwaƙular ƙasan bangon, damshi kuma ya riƙa hawa daga ƙasa yana ɗauke da gishiri, har wurin ya rarake. Ranar da gindi ya gaza, saman da ke da lafiya ƙalau sai ya kife gaba ɗaya. A nan maginan Kanta suka yi zarra. Sun ɗebo duwatsun da tudun yankin ya tanada suka jera su da kwaɓaɓɓiyar ƙasa a tsakani. Ginin dutsen da ba a sassaƙa ba ya fi na tubali wuya, domin babu dutse biyu masu kama ɗaya. Sai magini ya juya kowanne a hannu ya nemo fuskar da za ta zauna, manya a ƙasa, kowane dutse ya hau kan biyu don kada gaɓa ta haɗu da gaɓa, a cusa ƙanana a gurabe, nan da can kuma a sa dogo ya shiga ciki ya ɗaure fuskar bango da cikinsa. Ƙasar da ke tsakani matashi ce kawai. Nauyin duwatsun da yadda suka ciji juna su ke riƙe ginin. Shi ya sa bayan shekara ɗari uku babu mai yaɓe, ruwa ya wanke abin da zai wanke, amma har yanzu ana bin layin Surame da ƙafa ana ganin bango da wuraren ƙofofi.

Ta fuskar yaƙi, kowane ɓangare da aikinsa. Ta ciki akwai badala, inda 'yan baka ke tsayawa bango ya rufe su zuwa ƙirji, su ga na waje shi bai gan su ba. Bayan rami akan bar sarƙaƙiya ta yi duhu, ƙayar da ko akuya ba ta ratsa ta da daɗi, balle doki. Ƙofa kuwa, da yake ita ce rauni, ita aka fi yi wa tunani. Akan matse ta yadda mahaya ba za su shiga a jere ba, a yi ta cikin dogon zaure mai rufin azara, a tura ta ciki yadda bango zai fito ta dama da hagu, mai nufo ta ya shiga tsakanin kibau ta gefe biyu. Ƙyaure na katako mai kauri, wani a lulluɓe shi da ƙarfe. Sarkin Ƙofa ya rufe da faɗuwar rana, ya buɗe da asuba, ya san wanda ya shiga da abin da ya ɗauko.

An gwada Surame, ba a bar ta a zato ba. Songai ta aiko runduna fiye da sau ɗaya ba ta mayar da Kabi ƙarƙashinta ba. Mai Ali na Barno ya taso tun daga gabas ya yi wa birnin zobe, bai shige shi ba. Labarin da aka fi so a ba yara shi ne na gawarwakin da aka jera a kan bango riƙe da baka, an tsaga musu baki kamar suna dariya, har Barebari suka karaya suka juya. Labari ne mai kama zuciya, amma ni a wurina yabon na bangon ne. Dabara irin wannan ba ta cin wanda zai iya matsowa kusa ya duba, kuma abin da ya hana su matsowa aikin magina ne.

Ba mu kaɗai muka yi wannan kokawa da ƙasa da ruwa ba. A ƙasar Sin, inda ganuwar birni ta kai maƙura, asalin aikin ƙasa ce ita ma, sai dai su daddaɓe ta suke yi. A kafa katako ta gefe biyu, a zuba ƙasa mai ɗan damshi kaɗan-kaɗan, a yi ta kirɓa har ta yi tauri, a ɗaga katakon a sake. Haka aka gina ganuwar birnin Shi'an daga 1370, zamanin Hongwu, sarkin farko na daular Ming. Kewayenta kilomita 13.7, tsawonta mita 12, faɗin gindinta mita 15 zuwa 18. Ka lura, gindin ya fi tsawon, ƙa'idar da maginin Kano zai gane da kallo ɗaya. Kowace mita 120 akwai hasumiyar da ta turo waje, an auna tazarar ne yadda kibau daga hasumiya biyu za su haɗu a tsakiya, tunanin da ya sa mu ma muke tura ƙofa ciki. Ruwan sama ma bai ƙyale su ba. A 1568 suka lulluɓe bangon da gasasshen bulo, a gyaran 1781 kuma aka tsara masa magudanan da ke sauke ruwa daga sama zuwa ƙasa ta ciki. Wajen haɗa bulo, maginan zamanin Ming sukan dafa shinkafa mai danƙo su gauraya ruwanta da farar ƙasa, kuma masana kimiyya sun gano alamarta a tsofaffin gine-ginensu. Wanda ya ji wannan ba zai yi saurin raina labarin man kaɗanya ba, balle makubarmu ta ɓawon ɗorawa da aka tabbatar tana korar ruwa.

Akwai abu ɗaya da suka yi wanda nake jin zafin rashinsa a wurinmu. Ganuwar Nanjin, wadda aka fara a 1366, kewayenta ya kai kimanin kilomita 35, kuma daga larduna masu yawa aka kawo bulonta ta kogi. Don kada wani ya kawo aikin banza, aka wajabta buga suna a jikin bulo: na jami'in da ya sa ido, na mai kula da aikin, har na wanda ya gasa shi. Tsoron hukunci ne ya kawo dokar, amma albarkacinta yau ana karanta sunayen talakawan da suka mutu shekara ɗari shida da suka wuce. A wurinmu ma an raba aiki, kowane gari da kowace unguwa da nata yanki, mai sarauta yana tsaye a kai, makaɗa suna zuga 'yan gayya, mata suna kawo fura da ruwa. Gaskiya kuma ba duka gayya ba ce. Akwai bayi, akwai mutanen ƙasashen da aka ci da yaƙi, waɗanda ba a tambayi ra'ayinsu ba. A tarihin ginin ƙasar Hausa an riƙe sunan Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830. Na Surame kuwa sunan sarki kaɗai ya iso mana. Dubban da suka juya waɗancan duwatsu a hannu, sai dai a yi musu addu'a a dunƙule. Allah ya jiƙansu.

A farkon ƙarni na 18, rigingimun cikin gida da matsin Gobir da Zamfara da Azbin suka raunana Kabi. Aka bar Surame, Sarkin Kabi Tomo ya koma kudu maso yamma ya zauna a Birnin Kebbi, aka sake kewaye gari. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci birnin, Sarki Muhammadu Hodi ya fice. Kabawan da suka ƙi miƙa wuya suka tattaru a Argungu. A 1831 Sakkwato da Gwandu suka ci ta a hannun Sama'ila Karari, amma a 1849 ɗansa Yakubu Nabame ya sake ɗaga tuta. Daga nan har zuwan Turawa Argungu ba ta sake faɗuwa ba, har da babban harin da Sarkin Musulmi Abdurrahman ya kai mata a farkon shekarun 1890, zamanin Sarki Sama. Ƙaramar ƙasa ce tsakanin manya biyu. Jaruntaka ta yi nata, fadama ta yi nata, amma rabin ƙarni ba ya yiwuwa sai da mutanen da kowace kaka suke komawa bakin bango da kwando.

Ko bindigar Turawa ba ta sami bangon ƙasa da sauƙi ba. Ranar 3 ga Fabrairu 1903, da sojojin Ingila suka iso Kano, harsashin igwa ya riƙa nutsewa cikin ganuwa ba ya fasa ta. Ƙasa mai kauri haɗiye duka take yi. Sai da suka koma kan Ƙofar Kabuga suka karya ƙyaure sannan suka shiga.

Abin da igwa ta kasa, zaman lafiya ya yi shi a hankali. Da yaƙi ya ƙare, dalilin gayyar shekara-shekara ya ƙare. A da, da an gama girbi ake zagayawa a dubi inda damina ta ci, a cike zaizaya, a toshe ramin gafiya, a sake yaɓe. Wurare masu daraja, irin zaurukan ƙofa da gidan sarki, akan yi musu da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, mai ba bango duhun ja da sheƙi. Inda hali ya kai kuma a yi laso, haɗin katsi daga karofi da gashin jima da dafara, wanda ke jure ruwa shekaru. Da aka daina zagayen, tsaga ta zama kwazazzabo. Gari ya cika ya tumbatsa, masu gini suka ga ga tulin kyakkyawar ƙasa an riga an tace, suka yi ta ɗiba, hanyoyin mota suka ratsa. Matashin da ya tashi a Birnin Kebbi bayan ta zama babban birnin jiha a 1991, sai an nuna masa kafin ya san ta inda bango ya bi. Sin ma ta yi irin wannan asara: an rushe mafi yawan ganuwar Bejin a shekarun 1950 da 1960, masanin gine-gine Liang Sicheng yana roƙo ba a saurare shi ba. Ta Shi'an kuwa ta tsira, aka shiga gyara ta gadan-gadan daga 1983, yau mutane suna hawa keke a kanta.

Inda aka tashi gyara a wurinmu, sau da yawa siminti ake fara kawowa, da kyakkyawar niyya. Tsohon magini zai gaya maka abin da zai biyo baya. Bangon ƙasa yana shan damshi yana kuma fitar da shi. Siminti ba ya barin ya fita, kuma zafi da sanyi ba sa motsa su daidai. Sai ya ɗan tsage, ruwa ya shiga ta baya ya rasa hanyar fita, ƙasar ta narke a ɓoye, wata rana ɓawon simintin ya faɗo da rabin bango a jikinsa. Ƙasa da ƙasa ake gyara ta.

Masu wannan sani ba su ƙare ba. Suna nan a Ambursa da Gulma da Augie da ƙauyukan da ke bin gulbi, suna gina katanga da zaure da rumbu. Tsohuwar fadar Argungu, wadda sarakuna suka zauna a ciki har 1942 kafin ta zama Gidan Tarihi na Kanta a 1958, shaida ce cewa ginin gargajiya yana rayuwa muddin ana kula da shi. An sa Surame cikin wuraren tarihi na ƙasa tun 1964, a 2007 kuma Najeriya ta shigar da ita jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su, tare da ganuwar Kano. Takarda tana da amfaninta, amma ranar da za a taɓa bangon, waɗannan magina ne ya kamata su tsaya a gaba, masu digiri su riƙe awo da rubutu, a kuma rubuta sunan kowa a wannan karon.

Aikin farko a kango irin Surame ma ba gini ba ne, itatuwa ne, domin saiwa tana shiga tsakanin duwatsu tana buɗa su shekara bayan shekara. Mai gaggawa zai sa igiya ya tumɓuke, saiwar ta fito da abin da ta riƙe. Magini kuwa daga gindi yake sare itacen, ya riƙa datse tohon duk lokacin da ya fito har saiwar ta mutu ta ruɓe a wurinta. Sannan ya dawo da kwaɓinsa da ƙananan duwatsu, ya zura hannu cikin ramin, ya cika shi tun daga can ciki zuwa baki.